Dutsen da Malam Ya Ce Ga Shi Nan Kusa

Shekarar da fari ya sa muka cinye har irin shuka, ni da Malam, maigidana, muka tafi Rirwai wurin yayata. Da aka kai ta aure can ta tafi da irin geronmu na Makoɗa, ba ta kuma taɓa bari ya ɓace ba. Ta ɗibar mana, na ɗinke bakin buhun da hannuna.

A tasha, za mu dawo, wani ɗan Ɗanbatta ya ce an yi ruwan shuka a gida. Kwana uku laima ke yi a ƙasarmu, ta tafi. Ga wahalar mai, mota ba ta fita sai ranar kasuwa. Muka samu bayan a-kori-kura, na zauna a kan buhuna.

Da zuwa ban kalli komai ba, yunwa ke gabana. Da dawowa ne na ɗaga kai. Duwatsu kore shar, gajimare zaune a kansu kamar gammo, ruwa na gangarowa ta jikin dutse babu mai tara ko ƙwarya. Haushi ya kama ni, amma ban ɗauke ido ba. Malam kuwa tarihi ya motsa masa. Duk dutsen da muka wuce sai ya gaya wa fasinjoji wanda ya zauna a kai, shi da bai taɓa hawa abin da ya fi rumbu ba.

A wani hawa inji ya yi zafi, direba ya tsaya. Malam ya nuna wani dutse.

"A gindin wancan kakana ya haƙi kuza. Ga shi nan kusa. Kafin mota ta huce na je na yi masa addu'a na dawo."

"Baba, wunin tafiya ne fa," in ji direba.

"Ni da nake zuwa kasuwar Tsanyawa a ƙasa?"

A wajenmu duk abin da ido ya gani, ƙafa na isa kafin koko ya huce. Sai da na tsufa, a ajin yaƙi da jahilci, aka nuna mini taswira na gane dutse daban ne. Ranar tafiyar nan dai na ce, "Malam, zauna." Ya ɗaga mini hannu ya shiga ciyawa.

Inji ya huce. Muka ƙara jira. Farar rigarsa ta koma kamar ƙwayar shinkafa, dutsen bai matso ba.

"Inna, yaya za a yi?" in ji direba.

Na bar masa butarsa da ƙunshin ƙuli-ƙuli wurin wata mai tallar nono a bakin hanya, na ce, "Ja mu tafi."

Matar da ke gefena ta ce, "Mijinki ne fa."

"Shi ya san hanyar gida. Gero bai sani ba."

Washegari na riƙe sungumi da kaina ina sara, 'ya'yana mata na bi suna zuba iri. Duk wanda ya tambayi Malam sai in ce ya je gaida kakansa.

Bayan mako guda ya iso, takalmi a hannu, ɗan dutse a aljihu.

"Kin bar ni a daji."

Na ja shi gona. Gero ya tsiro siri-siri kamar allura, layi bayan layi. Ya daɗe a tsaye, ya share ido da bakin hula.

"Layinki ya karkace," in ji shi.

Da dutsen nan nake tokare ƙofa har yau. Ko ya kai gindin babban, bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba.