Bakwai Sau Takwas na Malam Maharazu

Duk wanda ya yi firamare a Ruwan Godiya ya san Malam Maharazu, ko bai zauna ajinsa ba ya ji muryarsa ta katanga. Gajere ne, kekensa ba birki sai ƙafa. Tun yana saurayi yake riƙe da aji uku, kuma bai taɓa koyar da komai ba sai da waƙa. Lissafi waƙa, sunayen jihohi waƙa, har wanke hannu. Shi ya bayar, yara su amsa. Illar abin ɗaya ce: rabin farko kaɗai Malam ya riƙe. Rabin ƙarshe yana bakin yara, can ya bar shi shekara da shekaru, kamar mai ajiyar dawa a rumbun maƙwabci.

Kwatsam aka ce za a yi wa malamai jarrabawa a Faskari, wanda ya faɗi ya bar aji. Matarsa Safara'u ta ce ya zauna ya yi bita, ya ce wanda ya haƙa rijiya ba a koya masa jan guga.

Ranar jarrabawa zaure ya yi tsit. Mai sa ido, wani matashi da aka turo daga birni, ya ce ko tari sai da izini. Tambayar farko: bakwai sau takwas. Malam ya laluba kansa ya ji wayam. Amsar tana nan, amma ba ta saba fitowa ba sai an kira ta. Ya runtse ido, ya ƙwanƙwasa tebur da biro, ya rera a hankali: "Bakwai sau ɗaya..."

"Bakwai," in ji zaure gaba ɗaya.

Ashe fiye da rabin malaman nan ta hannunsa suka bi, baki kuwa ya riga hankali. Har Hajiya Mansura, hedimistires daga Sheme, mace mai jikoki, tana amsawa tana kaɗa kai. Mai sa ido ya rugo ya ce wannan satar amsa ce ƙiri-ƙiri.

"Ɗana, wa ya yi sata?" in ji Malam. "Ajiya na ba su, yau na zo karɓa."

Da sun tsaya a hamsin da shida, da an rabu lafiya. Amma a dokar Malam ba a yanke waƙa a tsakiya. Suka kai bakwai sau sha biyu, suka faɗa jihohi, Malam ya miƙe yana zaga layi yana ɗaure wa masu jinkirin amsawa fuska. Aka karɓi takardu, tasa ba komai sai suna.

Sakamako ya fito, ɗalibansa duk sun haye, shi sifiri. To ku gaya mini, don Allah, wane ma'auni ne wannan da zai yabi tuwo ya kori mai tuƙi? Ko kunya babu, aka ƙwace masa aji, aka ba shi sanda da tsohon ƙarfen tayar mota ya riƙa buga lokacin tashi.

Yana nan gindin dalbejiya har yau. Sai dai shi bai iya bugu barkatai ba, da kiɗan waƙar yake bugawa. Ƙarfe na yin ƙara, makaranta kaf har sabon malamin aji uku sai ta ɗauki amsa, kuma ba mai tafiya gida sai an kai sha biyu.