Carbi a Cikin Giya

A garejin Barau makanike da ke Beltsville a Amurka na gan shi, ina jiran a canja min baƙin mai. Dattijo ne gajere mai farin gemu, ya ɗora jaket a kan jallabiya. Yana tsaye kusa da wata jar mota mai ƙofa biyu, irin ta samari masu gudu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Sam ba su dace da juna ba.

Janyo ta aka yi, sandar giyarta ta maƙale ta ƙi motsi. Barau ya buɗe murfin, yana zaro wasu ƙananan abubuwa da tsinke. 'Ya'yan carbi ne.

"Baba, wa ya naɗa carbi a jikin giya? Ya tsinke ya zube ciki. Sai dai a sa sabuwa."

"Ni na naɗa wa yarona," in ji dattijon. "Don in ya kai hannu ya tuna Allah, ya rage gudu."

Yana karɓarsu ɗaya bayan ɗaya, yana goge maiƙon da bakin rigarsa.

Ban san ko yaron yana raye ba, ban kuma tambaya ba. Amma da aka ce dattijon ya shiga ya taka birki, da ƙyar ƙafarsa ta kai, kujerar tana can baya. Barau ya kai hannu zai matso da ita.

"Kar ka taɓa, ɗana," ya ce a hankali. "Haka ya bar ta."