Ƙas ɗin da Hajiya ta zaɓa

Har yau ban manta da ranar da aka kira ni wani gida a Madabo ba, wata Laraba da hantsi, damina ta bara waccan. Ina ba ku labarin ne ku masu koyon gyara, don na gaji da maimaita magana ɗaya a shago.

Mai gidan Alhaji ne dattijo, daga cikin Larabawan cikin gari, tsohon ɗan kasuwar yadi. Shekarun baya ni na haɗa masa firi'am da hannuna. Ga wanda bai sani ba, ƙaramin akwati ne da ke gaban amfilifaya, shi ke zaɓar abin da za a ji, shi ke ƙara murya ko ya rage. Nasa layi uku ne: rediyo, kaset, da wayar da muka jawo daga sifikar masallacin unguwa.

To, ɓarin jikinsa ya shanye. Ba ya tashi, ba ya magana, hannun hagu kaɗai ke motsi. In an bar masa rediyo a kunne, haka zai kwanta har a yi salla a idar bai ji ba, ba shi da bakin kiran wanda zai mayar masa layin masallaci. Ɗansa Nasiru ya ce a sa wa akwatin rimot.

Iri biyu ake samu a kasuwa. Akwai na zamani, na aisi, mai nuna lamba a gilashi, ba ya ko tari. Akwai kuma tsohon yayi, ƙaramin moto ke murɗa maɓallin murya, rile, wato makunni mai ƙarfe a ciki, ke canza layi, kuma duk canjin da aka yi sai ya ce ƙas, da ƙarfi. Na ɗauko duka biyun don a gwada, ga ruwan sama, ga ciwon baya.

Nasiru ya ce, "Malam Habu, wannan mai ƙas ɗin ai kamar tarkon ɓera. Marar lafiya shiru yake so."

Na ce, "Ni ma haka na gani. Kuma na aisin ya fi sauƙin haɗawa, wancan sai na huda akwatin."

Na jona na aisin, Alhaji ya danna, ya yi aiki lafiya lau. Sai na jona ɗayan don dai kada a ce ban gwada ba. Ya danna, ƙas. Ya sake dannawa, ƙas. Kafin na uku sai ga Hajiya matarsa ta ɗaga labule daga tsakar gida, hannunta duk ƙullun ƙosai.

"Alhaji, kira kake?"

Ya dube ta, ya danna sau ɗaya.

Ta juyo gare ni. "Wannan za ka sa."

Nasiru ya ce, "Hajiya, ƙara gare shi fa."

Ta ce, "Kai da ke zuwa ranar Juma'a kaɗai? Tun da ya kwanta, ina girki ina leƙowa, ina wanki ina leƙowa, don ban san ko yana bukata ta ba. Yau daga bakin murhu na ji shi. Malam, in da wanda ya fi wannan ƙara ma, kawo."

Babu wanda ya fi shi. Na koma shago na huda akwatin, na ɗaure rilen a jikin ƙarfen kai tsaye, ban sa masa roba a ƙasa ba, don ƙarar ta fita sosai. Duk rayuwata kashe ƙara nake yi a kayan mutane, ran nan na zauna ina ƙara ta da gangan. Aikin ya cinye mini yini guda, bayana ya ƙage.

Ku yanzu kaya kawai kuke kallo, wanne ne sabo, wanne ke da lamba mai haske. Ni ma a da kayan kawai nake kallo, har ran nan a ɗakin Alhaji. Yanzu kafin in zaɓar wa mutum komai, sai na tambayi wa ke kwance, wa ke jinyarsa, kuma daga ina take jiyo shi. Ku dinga tambaya. Ba za ta ci muku ko minti ɗaya ba.