Mai Lamba, Wadda Ba Ta Yarda da "Da Sauƙi"

Ƙarfe shida da rabi take shigowa asibitin gwamnatin da ke bayan tasharmu, ta ƙaramar ƙofa, da jaka a hammata da takalmin roba da ya sha ɗinki. Kafin ta iso mun riga mun cika benci, wasu a ƙasa, wasu sun jingina da bango suna gyangyaɗi. Aikinta a takarda ɗaya ne tak: ta yayyanka kwali, ta rubuta lamba, ta miƙa wa kowa bisa zuwansa. Shi ya sa ba mai kiranta da suna, Mai Lamba kawai. Shekara talatin da ɗaya tana yi, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Na ce kafin ta tafi sai na yi surutuna a kanta, tunda dama jikokina sun ce bakina ba ya zuwa hutu.

Wanda bai taɓa zama a bencin nan ba, bari in ba shi labari. Likita ɗaya ne, mu kuwa mukan haura ɗari biyu. Yau abin awon jini ya lalace, gobe mai riƙe da makullinsa bai zo ba. Ka ga likita minti uku, ya rubuta magani, ka je taga a ce babu. Ɗana ya taɓa kai ni asibitin kuɗi saboda gwiwata. Tun ban gama zama ba wata yarinya ta ɗaura mini abin awo a hannu, tana ta sannu Mama, sannu Mama, har na fara zargin ko ciwon ya fi yadda nake zato. A can kai ake jira, don in ka fita ka fita da cinikinsu. A nan ko ka zo ko ka fasa, wata zai ƙare, albashi zai shiga. Ba zagin ma'aikata nake ba, na ga masu aiki har ƙafa ta kumbura. Tsarin ne ba shi da ido. Wanda ya riga zuwa shi ke shiga, ko da na bayansa rai na fita.

To ita in ta gama rabo ba ta zama. Sai ta bi benci ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kai a sunkuye, kamar wadda ɗan kunnenta ya faɗi. Leɓe take kallo, da ido, da yadda ƙirji ke ɗagawa. Mai shara ta ce mini ta taɓa ganin ta janye wani dattijo daga layi don kawai yana gumi yana shafa kafaɗa, ashe zuciya ce. Mai gadi ya ce jaririn da ke tsala kuka ba ya ɗaga mata hankali, wanda ya yi tsit a bayan uwarsa shi take kwancewa ta duba. Ba ta yi makarantar likita ba. Shekarun tsayuwa a kan marasa lafiya ne suka karantar da ita.

Nawa kuwa da idona na gani. Matar ɗana tana da kwana goma da haihuwa, na ga fuskarta ta cika, na ce mu je a duba. Mun makara, aka ba mu lamba ɗari da talatin da bakwai. Na tambaye ta ya fi sau biyar, yaya jikin, ta ce da sauƙi. Ni ma na yarda, na ci gaba da hira da maƙwabciyar zamana.

Mai Lamba ta wuce mu, ta yi taku uku, ta dawo.

"Yarinya, yaya jikin?"

"Da sauƙi."

"Kowa a nan da sauƙi ne. Ɗago ki kalle ni." Sai ta juyo wajena. "Ke ce mahaifiyarta?"

"Uwar mijinta."

"To shi ne. Yaya, ba ni jaririn nan, ki je ki ga ko famfon can na kawo ruwa."

Famfon da duk duniya ta san ya shekara biyar a bushe. Na gane korata ake, na tashi. Ina matsawa yarinyar ta buɗe baki. Kwana uku kanta kamar zai tsage, tana ganin wasu ƙyalli-ƙyalli a ido, kunyata ce ta hana ta faɗa. Mai Lamba ta danna mata babban yatsa a ƙauri, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta kama hannunta suka nufi ƙofar likita.

Benci ya kaure. Wani mai lamba tara ya miƙe. "Tun asuba nake nan. 'Yar'uwarki ce, ko na goro ta ba ki?"

"Malam, kai yatsan ƙafa ne, zai kai azahar. Wannan ba za ta kai ba. In ƙarya na yi ga ofis can, sun san ni."

Sun san ta kuwa. Shugaban sashensu ya fito ya tare ƙofa. "Takardar gargaɗi biyu gare ki kan tsallake layi. Kin san abin da ta uku ke nufi."

"Na sani, ranka ya daɗe. Ka rubuta, amma ka matsa daga ƙofar tukuna."

Ban taɓa ganin mutum ya faɗi magana irin wannan cikin sanyi haka ba. Ya matsa.

Likita ya fara faɗa, wa ya ce a shigo, sai ya ga fuskar yarinyar ya miƙe. Aka aro abin awo daga wani ɗaki. Ba a gama awon ba yarinyar ta sandare, ta fara jijjiga a kan kujera. Allurar da za a yi mata babu ita a asibitin. Likita ya rubuta, Mai Lamba ta cusa mini takardar a hannu, jikana yana kafaɗarta. "Tsallake titi. Kada ki tsaya a kantin farko, ba su da ita. Na uku, mai koren ƙofa." Ni da nake hawa matakala da addu'a, ranar na yi gudun da ban yi ba tun ina budurwa.

Yarinyar ta rayu. Likitan da kansa ya ce da mun jira lambarmu, da a kan benci abin zai same ta, don lambar sai can wajen la'asar, shi kuma ya tashi daga aiki. Jaririn nan yanzu yana tafiya, jiya ma ya kwance mini rediyo.

Takarda ta uku ta zo. Aka mayar da Mai Lamba ɗakin ajiye katunan marasa lafiya, inda babu taga, wata bakwai. Kun san abin da ta yi? Kullum da safe sai ta ɗebo katuna a hammata kamar za ta kai wani ofis, ta bi doguwar hanya ta tsakiyar benci. Na taɓa ce mata, da wannan idon naki asibitin kuɗi za su ɗauke ki da gudu. Ta yi dariya. "Can ai suna da masu dubawa, Yaya. Waɗannan fa?"

Ke ce idon layi, Mai Lamba. Ke ce kika sha zagin mutanen da kike tsare wa rai, kika haɗiye, washegari kika dawo shida da rabi. Ba ki da farar riga, ba a taɓa kiran sunanki a taro ba, amma akwai gidaje da yawa da ake dafa abinci yau saboda kin yi taku uku kin dawo. Gidana na ciki. Na gode, ɗana ya gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya duba ki yadda kika duba bayinsa.

An ce ba za a ɗauki wani a gurbinta ba. Sun kawo wata na'ura, ka danna ta tofo maka lamba. Ma'aikata matasa, don Allah ku riƙa fitowa daga bayan tebur kuna zagaya bencin nan ko sau ɗaya da safe. Mu masu zaman jira kuma, mu riƙa kallon na kusa da mu, in ya fi mu jin jiki mu yi musayar lamba. Na sa Mai Lamba ta nuna mini abin da take dubawa, leɓe da ƙauri da numfashi, ina ta maimaitawa kamar 'yar aji ɗaya. In kun ga wata tsohuwa tana ɗingishi tsakanin benci tana leƙa fuskokinku, kada ku zage ni da yawa. Koyo nake.