Inna Mai Wankin Zanuwan Gado

Lokacin muna ɗalibai, ana kaɗa ƙararrawar safe, muna sauka daga gado, sai Inna ta shigo ɗakin kwananmu da kwandonta. Makarantar kwana ce ta 'yan mata a can bayan gari, tsohuwa tukuf, gadajen ƙarfen ma sun girmi iyayenmu. Shekara talatin da huɗu Inna tana wankin zanuwan gadon ɗalibai, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

A ƙa'ida ranar Asabar ake wanki. Inna kuwa kullum sai ta yaye zani biyar ko shida tana mita: "Ji ƙura! Ji tawada! Ke kuma da takalmi kike kwana ne?" Mu yi ta dariya, muna cewa tsohuwar nan akwai neman aiki. Shugabar makaranta ta sha yi mata faɗa kan ɓarnar sabulu. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "A yi haƙuri, ranki ya daɗe, ƙazanta ce ba na so."

Ni na san dalili, don a shekarunmu ni ce dalilin. Ina da shekara goma sha ɗaya, ina fitsarin kwance. Kafin zuwana an gano wata yarinya mai irin matsalata, aka yi ta yi mata waƙa har ta tattara akwatinta, karatun da ba ta sake yi ba ke nan. Da an gano ni, wallahi da na bi bayanta.

Inna, ke ce kika taɓa katifata kwana uku da zuwana, kika ji danshi, ko kallona ba ki yi ba. Kika yaye zanina, kika haɗa da busassu guda biyar, don kada a san wanne ne. Muna aji kika lallaɓo kika shimfiɗa min leda a ƙarƙashin zani. Shekara biyu cur kina cuɗa zanuwa masu tsabta da hannu, kina jan ruwa a rijiya, duk saboda ni. Mai rufa asirin 'ya'yan mutane! Allah kaɗai ya san mu nawa ne.

Makon jiya na koma makarantar na sami Inna bayan kicin tana shanya, hannayenta duk sun tsattsage. Na durƙusa na gaishe ta, na ce yanzu ni malama ce, na tuna mata abin da ta yi min. Ta dube ni tsaf ta ce, "Ke 'yar nan, ban san zancen ba. Ɗakina ba a taɓa yin mai fitsarin kwance ba."

Sai kawai na fashe da kuka, ta bar ni na yi mai isata.

Na gode, Inna, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu cikin lafiya. Duk wanda aka ba amanar yara, malami ne ko mai gadi, in ya ga abin kunyar yaro ya rufe, ya kuma kama bakinsa. Yau ni na tona kaina a gaban duniya, ke kuwa ko a gabana kin ƙi tona ni.