Tsaga Uku a Jikin Keken Malam Bawa

Wata rana wani injiniya mai suna Lurwanu ya taso daga Kaduna ya je gida Kano, ya tarar an lulluɓe keken ɗinkin fatar mahaifinsa da tsohon zane.

Mahaifin nasa, Malam Bawa, baduku ne a unguwar Dukawa. Shekara arba'in yana ɗinka jaka da takalmi da alabe a kan keken nan, wani baƙin ƙarfe ƙirar Jamus da sai ƙarti huɗu ke iya ɗaga shi.

Ƙoshiyarsa ce ta karye, wato ƙarfen da ke kamo zare ta ƙasa. Bakaniken da ya san kan keken kuma ya rasu bara.

Tun da keken ya tsaya, tsohon ya rage cin abinci. Ya rage magana. Hankalin Lurwanu ya tashi, ya ce zai tafi da keken ya gyaro.

Uban ya yarda, amma ya ja masa kunne har sau biyu cewa ƙoshiyar kawai zai canza, kada ya taɓa komai.

Lurwanu ya ce to. Irin "to" ɗin nan namu na 'yan boko, wanda baki ke faɗa zuciya tana can wani wuri.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, Lurwanu ya sha wahala. Kamfanin da ya ƙera keken ya daɗe da rufewa. Wata biyar yana bin zaurukan intanet yana neman littafin da ke bayanin yadda ake kwance shi da ɗaure shi. Wasu suka turo masa na wani keken daban. Wasu suka yi masa dariya, suka ce ya kai wa 'yan gwangwan.

Daga ƙarshe wani dattijo a Jamus ya ɗauko nasa littafin, ya ɗauki hoton shafi arba'in da biyu ɗaya bayan ɗaya ya aiko masa. Ƙoshiyar kuwa a Aba aka ciro ta daga jikin wani mataccen keke.

Da nan ya tsaya, da ba ku ji labarin nan ba.

Amma sai ya ɗora hoton littafi kusa da keken Baba, ya ga abubuwan da babu su a littafi.

Tsaga uku da aka yi da zarto a gefen allura. Kan ƙusa da aka liƙa da walda a bakin farantin da ake ɗora fata. Wata waya da aka murɗa a jikin hannun da ke saita tsawon ɗinki.

Ya girgiza kai, ya ce a ransa aikin gargajiya ke nan, an ɓata kaya mai daraja.

Ya cire wayar. Ya kankare kan ƙusar. Ya cike tsagogin, ya bi da samfefa har wurin ya yi sumul, ya fesa baƙin fenti. Ya sa hoton keken a shafinsa na intanet, mutane suka yi ta yabo.

Ranar da ya mayar da keken, maƙwabta suka cika zaure suna sa albarka.

Malam Bawa ya zauna. Hannu ya ɗora a gefen allura yana shafawa. Ya shafa, ya sake shafawa, ya laluba bakin faranti.

Fuskarsa ta canza, amma saboda idon mutane ya jawo guntun jar fata ya taka keken.

Ɗinkin ya karkace. Ya fita daga gefen fatar gaba ɗaya. Kafin wani ya yi magana, allura ta shige ɗan yatsansa.

Lurwanu ya durƙusa ya riƙe hannun.

"Baba, me ya faru? Daidai da littafi na mayar da shi. Ba ka ga yadda yake sheƙi ba?"

Tsohon ya sassauta murya don kada a ji.

"Lurwanu, rabon da in ga keken nan shekara huɗu. Da abin da ka goge nake gani."

Ashe tun da idonsa ya fara dushewa yake yi wa kansa alama. Tsaga ta farko faɗin ɗinkin alabe, ta biyu na jaka, ta uku na takalmi. Kan ƙusar ke gaya masa inda fata za ta tsaya. Wayar ke hana tsawon ɗinki gocewa.

Ya ɓoye ne saboda ya san ranar da aka ji baduku ya makance, ba mai sake kawo masa aiki. Matarsa kaɗai ta sani.

A ranar kuwa duk wanda ke zauren nan ya gane.

Abin da ya fi ƙona ran Lurwanu ba fentin ba ne. Shekara huɗu yana zuwa gaisuwar sallah, yana zama minti ashirin waya a hannu, bai taɓa lura cewa da murya ubansa ke gane shi ba. Ya haddace shafi arba'in da biyu na Jamusanci, bai san halin da mahaifinsa ke ciki ba.

Yanzu duk Asabar yana Kano da zarto a hannu, yana tsaga fentin da ya fesa da kansa. Tsohon ya shafa, ya ce, "Ba nan ba ne."

Sun dace da tsaga ɗaya. Biyu har yau ana nema. Masu kawo aiki kuma sun ɗauke ƙafa.

Darasi:

Garin neman gira ake rasa ido. Abin da ka gani a matsayin tabo a jikin kayan wani, wataƙila da shi yake rayuwa. Idan dattijo ya ce kada ka taɓa, tambaye shi dalili kafin ka ɗauko iliminka. Kuma ka je ka zauna da iyayenka, ka ajiye wayar, ka dube su da kyau.

Tura wa wanda ya daɗe bai leƙa gida ba, ko Allah zai sa ya je da wuri.