Ranar da Na Tsare Kawu a Zaure

Matso kusa ka ji, yau ba ni da ƙarfin ɗaga murya.

Shekarar korona da aka rufe makarantu, 'yata ta biyu ta dawo gida da tulin takardunta na jami'a. Ilimin ƙwayoyin cuta take karantawa. Ni ko firamare ban gama ba, amma magana ba ta wuce kunnena. Wata rana ina ƙulla alale, tana bita da ƙarfi, na ce, "Ke, wannan abin naku na korona rai gare shi?"

Ta ce, "Mama, shi kaɗai ba ya iya haihuwa. Zare ne guda a cikin riga, kayan haɗin rigar kuma huɗu ne. Akwai ƙayoyi a waje, su ke maƙalewa a maƙogwaro su buɗe masa hanya. In ya shiga, jikin mutum ne zai koma yi masa ɗinki. Cikin sauran kayan ukun, ɗaya ya naɗe zaren kamar ganyen nan naki, ɗaya ya ba rigar siffa, ƙaraminsu ya taimaka sababbi su fito. Tari ɗaya, sun tafi neman wani."

Sai na kalli ɗakin Inna, mahaifiyata. Ga suga, ga numfashin da da ma da ƙyar take jansa.

Bayan kwana uku Kawu, ƙanin Inna, ya iso daga Agwada dubiya, da doya a bayan mashin. Tun daga sallamarsa na ji tarin. Busasshe ne. A gidanmu ba a taɓa tsayar da mai dubiya ba, kai tsaye ake kai shi bakin gado ya riƙe hannun maras lafiya. Na tare ƙofar zaure.

"Kawu, ka yi haƙuri, ku gaisa ta taga."

"Ni? Ni da na goya ki? Yarinya ta karanto miki boko, kin mai da ni kuturu?"

Inna tana ciki tana cewa, "Muryar wa nake ji?" Ya sauke doyar, ya tayar da mashin.

Inna ba ta kamu ba. Kawu ma ya warke, ba a ko gwada shi ba, har yau ban san ko mura ce kawai ba. Amma ya yi rantsuwa ba zai sake taka gidan ba. Da shekara ta zagayo sugan ya ɗauke ta, ba su gana ba.

Na gaji da juya abin a raina. Da kai ne a bakin zauren nan, za ka matsa masa ya wuce?